Gayyar Horo Birni

Ni dai dariyar mijina nake tsoro. Na san duk matar da ta ji haka za ta ce Atika ta cika butulci, Allah Ya ba ta miji mai fara'a ta zauna tana ƙorafi. To su faɗa. Su ba su zauna da shi ba.

Sunansa Haliru, ni kuwa Baban Kausar nake ce masa tun da muka haifi 'yarmu. A Dandin Mahe muke. Daga nan har Kajiji, in ka tambayi wanda ya fi kowa noma a wurin gayya, kafin ka rufe baki an ambace shi. Gayya ba ta mutu a wajenmu ba, duk da maganin feshi ya rage wa hauya aiki. Mai gona ya raba goro, mata su dama fura, maza su jeru kowa da layinsa, makaɗi yana binsu da ganga yana kiran kirarin kowa. Makaɗinmu wani tsoho ne, Baba Na'Allah, kuma duk cikin manoman nan babu wanda gangarsa ta sani kamar mijina.

Tun shekarar da aka kawo ni gidan na lura da wani abu. Ruwan farko na sauka, sai mutumin ya canza. Ya ci abinci a tsaye. Ya yi ta zuba, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba: zai haƙa rijiya, zai sayi injin ban ruwa, zai shuka albasar da za ta cika kasuwar Boɗinga. Barci kuwa sai ka ce an hana shi. Daga wannan gayya sai waccan, ya dawo da bushewar baki yana dariya. Mutane su ce, "Haliru ya tashi!" Ni ma a lokacin daɗi nake ji, don sunana ganga ke kira. Mijin Atika, mai hana rana hutu. Wace amarya ce ba za ta ji kanta ya kumbura ba?

Amma da an gama girbi, daidai lokacin da ake zuba irin albasa a fadama, sai ya faɗi. Ya kwanta ya juya wa ɗaki baya. Ba wanka, ba masallaci, ba magana. In na kai masa abinci, haka zan dawo in ɗauke shi da ƙuda a kai. Irin albasar ya bushe a inda aka zuba shi. Wasu su ce gajiyar damina ce, wasu su ce baki ne ya kama shi saboda yawan yabo. A kan abu ɗaya kowa ya yarda: kwanciyar ita ce ciwon, tashin kuwa lafiyarsa ce ta dawo.

Da kwanciyar wata shekara ta yi tsawo, wansa, Yaya Attahiru, ya ɗauke mu zuwa wani ɗan asibiti a Boɗinga. Ma'aikacin ya tambayi abin da ke damunsa, Yaya ya zayyana masa kwanciya da rashin ci da kuka. Ma'aikacin ya sake tambaya, "Kafin wannan fa, yaya yake?"

"Lahiyatai lau!" in ji Yaya. "Wanga da kaka gani, shi ɗai shina yin aikin ƙato goma. Ka tambaya ka ji."

Ina zaune a gefe ina jinsu. Wan miji na magana, ni wa in sa baki? Kuma in na buɗe bakin me zan ce, mijina ya cika ƙwazo? Aka ba mu maganin damuwa muka dawo gida.

Maganin ya tashe shi kuwa, tashin da ban taɓa gani ba, kuma da rani tsaka. Ya tuge albasar da wansa ya dasa masa, wai ya gano sabuwar hanyar dashe. Ya kwance awakina ya raba wa mutane a bakin hanya. Ya hau babur ya tafi Sakkwato, wai manya na jiransa ya koya musu noma, sai da ya kwana biyu aka gano shi a tasha yana yi wa direbobi wa'azi. Duk da haka akwai masu cewa maganin ya karɓe shi, ƙarfinsa ne dai ya yi yawa.

Faɗuwar da ta biyo baya ita ce har yau na kasa mantawa. Wata rana da hantsi na leƙa ɗaki ban gan shi ba, mutumin da ya yi makonni bai taka ƙofar gida ba. Ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba. A fadama na same shi, zaune a bakin rijiyar ban ruwa, ya cire takalmansa ya jera su, ya ɗora hularsa a kai. Ban yi ihu ba. Na durƙusa a bayansa na naɗe gefen rigarsa a hannuna, na riƙe har yatsuna suka mutu, sai da wasu masu shanu suka biyo ta wurin. Bai ce da ni komai ba sai, "Na gaji, Atika."

Wannan ne ya kai mu babban asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Likitar mace ce, 'yar siririya, da Hausarta ta Kano. Yaya ya fara karanto mata kwanciya da rashin ci kamar yadda ya saba. Ta saurare shi, sannan ta roƙi mazan su ɗan ba mu wuri. Ta juyo gare ni.

"Malama Atika, na ji labarin kwanciyarsa. Yanzu ba ni labarin lokacin da ya fi kowa lafiya."

Na dube ta. Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na fara a hankali, da ci a tsaye, da rashin barci, da surutu, sai ga shi ina ba ta labarin awaki da tasha ina kuka. Ta tambayi ko yakan ji gajiya in bai yi barcin ba, na ce ko kusa. Ta tambayi ko hakan na zuwa yana tafiya, na ce kamar damina da rani. Ta daɗe tana tattaunawa da shi ma shi kaɗai, sannan ta tara mu.

Ta ce ciwo ɗaya ne mai fuska biyu, su likitoci baifola suke ce masa. Yakan ɗaga mutum sama har ya kasa tsayawa, sannan ya sake shi ya faɗo, kuma sau da yawa faɗuwar na biyo bayan tashin ne. Ta ce maganin damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai irin wannan ciwo, shi ya sa ta so ta ji rabin labarin da ba mu taɓa faɗa ba. Ba aljani ba ne, ba baki ba ne, ba kuma laifin kowa ba ne.

Yaya Attahiru ya gyara zama, ransa a ɓace. "Likita, ki gahwarce ni. Yanzu noma ciwo na?"

"Noma ba ciwo ba ne, Malam. Mutum ya so ya tsaya ya kasa, shi ne ciwon."

Na san Yaya bai yarda ba. Aka ba mu wani magani dabam, aka ce za a riƙa duba jininsa, ya riƙa barci a kan lokaci, kuma ko ya ji garau kada ya daina sha. Ni kuma ta ce in sa ido, in na ga barci ya ragu, magana ta ƙaru, in kira su tun abin bai yi nisa ba.

Muka samu shekara guda da wani abu ta kwanciyar hankali. Ya yi ƙiba, hannunsa na ɗan rawa in ya ɗauki moɗa, da safe sai na tashe shi. Gonarmu ya nome ta a hankali, kuma abin dariya, a shekarar ne muka fi cika rumbu, don a karon farko ya tsaya ya kula da gonarsa tun daga shuka har girbi. Albasa ma ta yi. Ni dai har ƙiba na yi.

Shi kuwa abin na cinsa. A gayyar daminar shekarar a tsakiyar mutane ya ƙare, yaran da jiya-jiya suke riƙe masa gora suka wuce shi. A majalisa ana yi masa shaguɓe, wai an ɗaure Haliru da ƙwaya, wai matarsa ta shanye shi da taimakon likita. Wata rana yana zaune yana kallon hannunsa ya ce, "Atika, ni ba ni jin daɗin komi, ba ni jin zahin komi. Awa an lulluɓe ni da bargo." Na ce mu faɗa wa likita in mun koma, ko za a gyara maganin. Ya ce to. Da muka je kuwa ya ce mata lafiya lau, don namiji ne.

Bana ruwa ya sauka da wuri. Ba a daɗe ba aka aiko da goron wata babbar gayya a Horo Birni, gonar maigari, an gayyato manoma daga ƙauyuka da yawa. Baban Kausar ya karɓi goron ya juya shi a hannu, ya yi murmushi.

A makon ne na fara jin dariyar. Wata irin dariya ce mai tsawo da ba ta jiran abin dariya. Na tashi sallar asuba na tarar ya share turken awaki, ya cika randuna, yana wasa hauyar da ya wasa jiya. Na kawo koko, ya sha a tsaye. Ya ɗauki Kausar ya cilla ta sama, ya cafe, ya sake cillawa, yarinya tana ƙyalƙyala dariya. Uwarsa ta leƙo ta ce, "Alhamdu lillahi, ɗana ya dawo." Na ji kamar in kwanta a ƙasa in yi birgima.

Da hannuna nake ba shi maganin kullum, ina kallo ya kora da ruwa. Don haka na bi ɗakin da bincike. A wata tsaga ta bango, bayan randa, na same su an cusa, wasu har sun narke sun manne da ƙasa. A ƙarƙashin harshe yake ɓoyewa. Na kwaso su a tafin hannu na kai masa. Bai ko ji kunya ba.

"Rana guda ɗai nika so, Atika. Rana guda in zan ni. An gama gayya in koma sha, wallahi."

"Baban Kausar, ka san inda wagga hanya taka zuwa."

"Ke dai kin cika tsoro! Dube ni. Yaushe rabon da ki gan ni haka?" Ya buɗe hannuwa yana dariya, idanunsa na ƙyalli. Gaskiya ne, ya yi kyau. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, ciwon nan in ya zo da wannan fuskar kyau yake yi wa mutum.

Na kira lambar da aka ba ni a asibiti. Ma'aikaciyar ta ce a kawo shi a ranar, kada a jira. To wa zai kawo shi? Ni ba zan iya ɗaukar ƙato in aza a babur ba. Na tafi wurin Yaya Attahiru, na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa ƙwayoyin. Ya kalle su ya kau da kai.

"Atika, an riga an amshi goro. Garuruwa nawa za su taru? Sunan gidanmu na. Bari shi yi gayyatai, in an gama ni da kaina ni kai shi."

"Yaya, in ya hau, ba mu ka sabko da shi ba. Hwaɗowa shika yi."

"Ke likita ta? Tashi ki koma ɗakinki."

Na tashi, ina tafe ina zaginsa a zuci, Allah Ya yafe mini. Shi ba shi ya riƙe gefen riga a bakin rijiya ba.

Ana gobe gayya na yi abin da ban taɓa jin matar aure ta yi a garinmu ba. Na sa hijabi na tafi gidan makaɗi. Na fake da gaida matarsa Altine, muna cikin gaisawa na ce Baba na zo gani. Ta zaro ido, amma ta kira shi. Ya tsaya daga bayan zana, ni ina durƙushe daga ciki.

"Baba, alfarma niz zo biɗa. Gobe kak ka kira shi. Ka kira kowa, shi ka tsallake shi."

Tunanina in bai ji kirarinsa ba zai yi fushi ya dawo gida, in ya so sai a san yadda za a yi da shi. Iyakar dabarata ke nan.

"Ɗiyata, gangata ba ta taɓa sa ma kowa ciwo ba."

"Ban ce ita ta ba, Baba. Likita ma ba ta ce ba. Ni dai tsoro nika ji."

"Tun shina yaro nika yi mai kiɗi. Ubanai ma ni niy yi mai. In tsallake Haliru gaban garuruwa? Wanga ai zagi na. Ki tahi gida, Allah Shi sawwaƙe."

Na fito jikina a sanyaye. Ga shi na zubar da mutuncina a gidan makaɗi, ga shi ban samu komai ba.

Washegari na ce da ni za a kai fura. Uwar mijina ta yi faɗa, na yi kamar ban ji ba, na bar mata Kausar na bi matan da aka ɗauka a motar a-kori-kura. Muka isa Horo Birni rana ta fara zafi. Gonar maigari faɗi gare ta, gero ya kai gwiwa, maza sun jeru daga wannan gefe zuwa wancan. Muka sauke ƙwarya a ƙarƙashin wata tsamiya a bakin gona.

Tun daga nesa na ji gangar, na kuma ji sunana a cikinta. Mijin Atika, mai hana rana hutu. Baba Na'Allah bai tsallake shi ba, shi ma ya fi kira. Matan da ke kusa da ni suka yi ta guɗa suna dukan kafaɗata. Na hango shi can gaba, ya bar kowa a baya, ƙasa na tashi a gefensa. Ya kai ƙarshen layinsa ya juyo ya kama na wani, ya gama ya kama wani. Mutane na ihu, ana rugawa da gudu ana yi masa kari da kuɗi. Yaya Attahiru yana tsaye yana washe baki, ya dube ni sau ɗaya kamar ya ce, kin gani?

Da rana ta take aka kira abinci. Manoma suka yar da hauya suka yo inuwa, kowa jiƙe sharkaf. Al'adar gayya ce, in wani ya ƙi tsayawa, makaɗi ya bi shi shi kaɗai, don wannan ne lokacin da ake sanin gwani. Baban Kausar bai ko ɗago kai ba. Baba Na'Allah ya bi shi, yana kiɗa yana matsawa, har ya zo dab da shi, kusan kafaɗa da kafaɗa. Na ga tsohon ya sunkuya yana kallon fuskarsa. Na ga ya kalli ƙasa, wajen ƙafafunsa. Kiɗan ya fara rauni. Ya waiwayo wajen tsamiya, ban sani ba ko ni yake nema. Sai ya sauke sandar kiɗan, ya dafe fatar gangar da tafin hannu.

Ban taɓa jin gona ta yi shiru haka ba. Babu abin da ke tashi sai saran hauya, da kuma murya. Muryar mijina ce. Ashe duk tsawon lokacin nan magana yake yi, gangar ce ta rufe ta. Yana sara yana zuba, da ƙarfi, ba numfashi: zai nome daga nan har gabas, an aiko shi ya ciyar da duniya, rana ta yi masa alkawari ba za ta faɗi ba, a faɗa wa manyan Sakkwato su jira shi. Ya yi dariya, ya koma kan maganar, muryar duk ta dushe.

Masu guɗa suka yi tsit. Wani ya ɗan yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye. Muna kallo ya kai iyakar gonar maigari, inda aka bar layin gamba, ya tsallake ya faɗa gonar maƙwabci. Can kuwa ba ya bambance ciyawa da gero, duk abin da ya tsaya a gabansa sarewa yake. Manomin da ko a mafarki ba ya taɓa shuka da bakin hauya.

Yaya Attahiru na riƙe da ludayi, fura na ɗiga a rigarsa bai sani ba. Ya juyo gare ni, fuskarsa ta canza.

"Atika, tun yaushe shika wagga magana?"

"Tun shekarad da anka kawo ni gidanku, Yaya."

Maza suka miƙe. Na ji wani yana cewa a kawo igiya. Nan fa na manta da kunya, na ce duk wanda ya ɗaure mini miji ban yafe ba, ba akuya ba ne. Na tattare hijabi na shiga gonar. Ina tafe a hankali, don na san ƙarfin hannun nan, na kuma san a wannan hali ba lallai ya gane ni ba. Na zagaya na tsaya a gabansa, a cikin layin da yake sara. Sai a lokacin na ga abin da tsohon ya gani. Hauya ta tsaga masa babban yatsan ƙafa, jini ya cakuɗe da ƙasa, leɓunansa sun farfashe sun yi fari.

Ya ɗaga hauyar sama. Na runtse ido ina salati. Saran bai sauka ba.

"Kauce, Atika! Rana za ta hwaɗi ban kai ba."

"Ka kai ina, Baban Kausar?"

Ya buɗe baki ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya dubi geron mutane da ke zube a bayansa. Ya ci gaba da magana, amma hauyar ta tsaya a sama, kuma a daidai nan wansa ya iso ta baya ya riƙe ƙotar a hankali, yana kiran sunansa kamar mai lallashin yaro. Yaya kuka yake yi. A a-kori-kurar da ta kawo fura muka tafi da shi asibiti, yana yi wa direba bayanin yadda za a nome titi.

Ya yi makonni a kwance a can. Likita ba ta yi masa faɗa ba, ta ce da yawa sukan daina sha saboda nauyin jikin da yake sa su, da ya faɗa mata da tuni an gyara. Ta sauya masa awon maganin. Ta kuma ja ni gefe ta ce watannin da ke tafe su ne na sa ido sosai, don bayan irin wannan tashin ne faɗuwa ke zuwa. Ai ba sai ta faɗa mini ba.

Mun dawo gida gero ya fara fitar da kai. Yaya ya je ya ba mai gonar da aka sare haƙuri, kuma yanzu shi ke zuwa da babur duk ranar asibiti tun kafin in aika. A majalisa an daina shaguɓe, amma an koma gaishe shi da wata irin murya ta tausayi wadda ta fi shaguɓen ciwo. An yi gayya biyu bayan nan, babu wanda ya aiko mana da goro. Baba Na'Allah ya zo duba shi sau ɗaya, ba tare da ganga ba, suka ɗan zauna a zaure, ya yi masa sannu ya tafi.

Jiya da la'asar ina tsakar gida na aza tukunya, sai muka jiyo kiɗa daga nesa, ana tashi daga wata gona. Yana zaune a kan tabarma, ya sha maganinsa, har yakan buɗe mini baki in gani ba tare da na tambaya ba. Ya saurari kiɗan har ya ɓace. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Na ci gaba da fifita wuta, ina satar kallonsa.

"Atika."

"Na'am."

"Kowa ya gani, ko?"

"Sun gani."

Ya sunkuya yana murza yatsan da ya warke. "Abu guda niy iya duniya, shi ma an ce ciwo na." Ya ɗago ya dube ni, idanunsa sun kawo ruwa. "Wanga baƙin cikin da nika ji tun shekaranjiya, nawa na, ko na ciwon na ya taho?"

Na so in ce nasa ne, duk wanda ya rasa abin da ya rasa dole ya ji haka. Na so in faɗa don in kwantar masa da hankali, in kwantar da nawa. Amma na tuna abin da rabin labari ya taɓa jawo mana.

"Ban sani ba, Baban Kausar. Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. "Ni ma ban sani ba. Tsoro nika ji." "Ki kira Yaya, gobe mu koma wurin likita. Kuma yau kak ki bar ni ni ɗai."

Tun da muka yi aure bai taɓa faɗa da bakinsa ba, kullum ni ke tsinta a fuska. Na danna lambar Yaya, na faɗa masa, ya ce ga shi nan tafe. Na sauke tukunyar daga wuta, tuwon bai ko nuna ba, na zo na zauna a gefen tabarmar.